Kofin Al'ada: Jawabi Ga Matan Ƙasar Sanyinna Da Magidantansu

 

Maganar da za mu yi yau magana ce mai nauyi a baki, amma lalle a yi ta. Zancen al'adar mata ne, watau haila, da abin da mace ke tare jinin da shi. Mun sani abin kunya ne a faɗe shi a fili, to, amma mai ɓoye ciwonsa ba ya samun magani. Magidanta kuma kada ku ce wannan zancen mata ne ku tashi. Ku zauna, domin daga aljihunku kuɗin ke fita, gonakinku da dabbobinku kuma suna cikin maganar.

Tun kaka da kakanni, ƙunzugu matan ƙasar nan suka sani, watau tsumma mai laushi da ake yankowa daga tsohon zane, a yi amfani da shi, a wanke, a sake. Daga baya audugar mata ta kanti ta shigo, wadda ake sa wa sau ɗaya a yar. Ba shakka ta kawo sauƙi, musamman ga 'yan makaranta da matafiya. Amma fa ta zo da wahala iri biyu.

Ta farko ita ce kuɗi. Tun daga 2023, sa'ad da aka janye tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, kome na kanti ya yi tsada, audugar mata ma ba ta tsira ba. Dokar kuɗi da aka sa wa hannu a farkon 2020 ta ɗauke harajin saye daga kan audugar da ake yi a cikin Nijeriya, amma wannan bai hana ta hauhawa ba. Abin da ke biyo baya kuwa kowace ungozoma ta san shi. Yarinya ta sa auduga ɗaya tun safe har dare don kada fakiti ya ƙare, sai ƙaiƙayi da wari da ƙuraje su biyo. Wata kuwa ta ƙi zuwa makaranta har kwanakin su wuce.

Wahala ta biyu ita ce inda audugar ke zuwa bayan an gama da ita. Sunanta auduga, amma in kun tsaga ta za ku ga bayanta leda ne, fuskarta ma dangin leda ce, ga kuma ledar da aka naɗe ta a ciki. Leda kuwa ƙasa ba ta cinta. Tsumma in an binne shi, damina ɗaya ko biyu ya ruɓe. Leda masana sun ƙiyasta tana iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru.

Bari mu yi ɗan lissafi tare. A ce mace tana yin kwana 5, tana sake auduga sau 3 a yini. Guda 15 ke nan a wata, 180 a shekara, 1,800 cikin shekara 10. In gida yana da mata 4, matan aure da 'yan mata, a shekara 10 gidan ya zubar da 7,200. To, ina suke? In an jefa su masai, ba sa narkewa, sai masai ya cika tun lokacinsa bai yi ba, maigida ya shiga neman mai haƙa sabo. In an zuba su a juji, ku tuna jujin nan shi ne manomi ke kwasa a mangala ya kai gona don taki, sai ga leda mai jini tana yawo tsakanin kunyoyin gero. Awaki da shanu kuma ba sa zaɓe a juji. Ku tambayi mahauta abin da sukan tarar cikin tumbin dabba in sun yanka. Sau da yawa dunƙulen leda ne, wanda ya hana dabbar ƙiba, tana ci tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani a banza. In kuma ruwan sama ya kwashe su, su toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai. Waɗansu mata sukan ƙone ta da dare a bayan ɗaki, don kunya, ko don tsoron kada wani mugu ya samu jininsu ya yi musu asiri. Hayaƙin leda kuwa ba abin shaƙa ba ne, balle a tsakar gida inda yara ke barci.

Shi ya sa muka kawo muku labarin wani abu da ake kira kofin al'ada. Ɗan ƙaramin ƙoƙo ne mai siffar ƙararrawa, faɗin bakinsa kamar santimita 4, da 'yar wutsiya a gindinsa. Ana yinsa da wata irin roba mai laushi ta asibiti da ake kira silikon, irin wadda ake yin kan bulumbotin jarirai da ita. Ana lanƙwasa shi a sa a cikin gaba, ya buɗe, ya zauna ƙarƙashin bakin mahaifa, jinin ya riƙa taruwa a ciki. Bambancinsa da auduga ke nan, ita tana tsotsewa, shi tarawa yake yi. In lokaci ya yi a cire, a zubar, a ɗauraye, a mayar. Guda ɗaya, in an kula da shi, yana iya kai shekara 10. Watau kofi ɗaya a maimakon audugar nan 1,800 da muka lissafa.

Kada ku ɗauka sabon abu ne da ake son a gwada a kanku. Wata mace 'yar Amurka mai suna Leona Chalmers ita ta samu takardar mallakar irinsa tun 1937. Yaƙin duniya na biyu ya sa roba ta yi wuya, aikin ya tsaya, mutanen wancan zamani kuma ba su karɓe shi sosai ba, domin su ma kunyar ta dame su. A 1987 aka sake fito da wani na roba a Amurka, sa'an nan a 2002 wani kamfani a Ingila ya fito da na silikon mai suna Mooncup. Daga nan abin ya bazu.

A 2019 masanan makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful, a Ingila, suka tattara bincike 43 da aka yi a ƙasashe dabam-dabam, wanda ya shafi mata fiye da 3,300, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet Public Health. Suka ga wajen yoyo kofin bai fi auduga ba, wani wurin ma bai kai ta ba. Suka ga kuma cikin matan da aka tambaya, 73 cikin 100 sun ce za su ci gaba da amfani da shi. A lissafinsu, cikin shekara 10 sharar ledar kofi ba ta kai kashi 1 cikin 100 na ta auduga ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne gwajin da aka yi a ƙasar Kenya, a lardin Siaya, cikin makarantun firamare 30 na karkara, aka bayyana shi a 2016. Ƙauyuka ne irin namu, masai na rami ne, ruwa sai an ɗebo. Aka ba waɗansu 'yan mata kofi, waɗansu auduga, waɗansu aka bar su da abin da suka saba. Bayan wata 9 ko fiye, wani ciwon gaba mai kawo farin ruwa da wari ya kama kamar 13 cikin 100 na masu kofi, alhali na masu auduga kamar 20 ne. Amma a faɗi gaskiya, gwajin bai nuna kofin ya rage barin makaranta ba. Abin da ke fid da yarinya daga makaranta ya fi ƙarfin kofi.

To, yanzu ga yadda ake amfani da shi. 'Yan'uwa mata, ku kasa kunne da kyau a nan.

Ran da kika same shi, kafin kome, ki tafasa shi. Ki keɓe masa 'yar tukunya ko gwangwani mai tsabta wanda ba a abinci da shi, ki zuba ruwa isasshe yadda kofin zai yi iyo, kada ya kwanta a gindin tukunya ya ƙone. Ya tafasa minti 5 zuwa 10, sa'an nan ki bari ya huce. Ki wanke hannu da sabulu, ki duba farcenki, in yana da tsawo ki yanke. Ki matse bakin kofin ya haɗu, ki ninka shi biyu. Ki tsuguna, ki saki jiki, ki tura shi sannu, kina karkata shi wajen baya, wajen ƙashin gindi, domin hanyar ba miƙe take sama ba. In ya shiga ki sake shi ya buɗe. Ki zagaya gindinsa da yatsa ki ji ko ya buɗe duka, in da lanƙwasa ki ɗan juya shi. In ya zauna daidai ba za ki ji shi ba, kina daka, kina ɗiban ruwa, kina barci. In wutsiyar tana sukar ki, a rage tsawonta da almakashi, amma bayan an cire shi.

Wajen cirewa ne mata suka fi yin kuskure. Bakin kofin yana manne da jiki, kamar yadda ƙahon wanzami ke kama fata. In kika ja wutsiyar da ƙarfi, za ki ji zafi. Sai ki wanke hannu, ki tsuguna, ki ɗan yi nishi kaɗan don ya sauko, ki kama gindin kofin ki matse shi har iska ta shiga ya saki, sa'an nan ki fito da shi sannu a tsaye don kada ya zube. Ki juye jinin a masai, ki ɗauraye da ruwan buta. Akwai 'yan ƙananan huji kusa da bakinsa, ki tabbata ba su toshe ba. Ga wani gargaɗi kuma, kada ki cire shi daidai saman ramin masai. Ki matsa gefe. Abu ne mai santsi, in ya kuɓuce ya faɗa rami, shekara 10 ta tafi ke nan.

Sau nawa za a zubar? Kada ya wuce awa 12 a jiki ko da jinin kaɗan ne. Ba sai kina da agogo ba. Ko da ba kya salla a kwanakin, kina jin ladan. Ki zubar da asuba, ki zubar da azahar, ki zubar bayan lisha kafin ki kwanta. Ranar da jini ya fi yawa, yawanci rana ta biyu, ki ƙara da hantsi da la'asar. In kwanaki sun ƙare ki sake tafasa shi, ya bushe, ki ajiye a 'yar jakar ƙyalle inda ɓera da yara ba za su kai ba. Kada a ƙulle shi a leda ko gwangwani mai murfi, domin yana son iska. Kada a wanke shi da omo, ko kanwa, ko sabulu mai turare, ko maganin wankin masai. Farin sabulu marar ƙamshi ya isa, a ɗauraye shi sarai.

Zancen ruwa kuwa shi ne gishirin maganar. Kofin ba ya cin ruwa da yawa, buta ɗaya ta isa, bai kai abin da wankin ƙunzugu ke ci ba. Amma lalle ruwan ya zama irin wanda za ki iya sha, kamar na famfo ko na rijiyar burtsatse. In na tafki ne ko na gulbi, a tafasa shi tukuna. Macen da ta san ba za ta iya samun ruwa mai tsabta da sabulu a kwanakin nan ba, gara ta haƙura da kofi. Haka kuma kofi na mutum ɗaya ne. Ba a aronsa, ko tsakanin ya da ƙanwa, ko uwa da 'ya, balle abokan zama.

Akwai tambayoyin da mata kan yi, bari mu amsa tun ba a tambaya ba. Wata za ta ce, ba zai wuce ciki ya ɓata ba? Ba zai wuce ba. Hanyar gajeriya ce, ba ta fi tsawon yatsa da yawa ba, ƙarshenta kuma bakin mahaifa ne, wanda ƙofarsa ba ta isa kofi ya bi ba. In ya hau sama kin kasa kamo shi, kada ki firgita, kada kuma ki sa cokali ko tsinke. Ki huta kaɗan, ki tsuguna ki yi nishi. In ya ƙi, ki zo ɗakin magani, ungozoma za ta cire shi nan da nan. Wata za ta ce, fitsari fa? Hanyar fitsari dabam take, ba sai an cire ba. Wata kuma za ta ce, ba ya hana haihuwa? Ba ya hanawa, ba ya kuma kawo ta. Bai shiga mahaifa ba, ba shi da magani a jikinsa. Wajen addini kuma, mai kofi mai haila ce kamar kowace, ko da ba a ga jini a waje ba. Rashin ganin jini a zane ba shi ne tsarki ba, sai ta cire ta duba kamar yadda aka koya mata a Islamiyya. Abin da ya shige mata duhu ta tambayi malamai.

Sai babbar tambaya, wadda iyaye ke riƙe da ita a zuci, watau zancen 'yan mata da ba su yi aure ba. Ba za mu rufe ku ba. Akwai 'yar fata a bakin gaban budurwa, wadda halittarta ta bambanta daga mace zuwa mace, kuma sa kofi yana iya buɗa ta ko ya tsaga ta. Likitoci sun ce fatar nan ba shaida ce tabbatacciya ba, domin waɗansu ana haifarsu da ita 'yar kaɗan, waɗansu kuma ba sa ganin jini daren farko alhali ba su taɓa sanin namiji ba. Amma mun san nauyin abin a ƙasar nan, mun san kuma yarinyar ce za ta sha zargi in magana ta tashi. Saboda haka shawararmu ita ce matan aure su fara. Budurwa kuwa kada a tilasta mata, kada kuma ta yi a ɓoye. Uwa da 'ya su zo wurin ungozoma a yi shawara. In ba a natsu ba, akwai ƙunzugu na zamani da ake ɗinkawa da yadi mai laushi, mai maɓalli, wanda ake wankewa a sake har shekara ɗaya ko fiye. Kowace tela za ta iya koyon ɗinkinsa, shi ma kuma ba ya tara leda a juji. Sharaɗinsa ɗaya ne, a wanke da sabulu a shanya a rana. Shanya ƙunzugu a ƙarƙashin gado ko bayan randa don kunya, shi ke sa ya yi fumfuna ya kawo ciwo. In ana jin nauyi, a lulluɓa masa wani siririn ƙyalle a kan igiya, rana za ta ratsa.

Akwai waɗanda bai kamata su sa kofi ba sai da izinin likita. Mai jego kada ta tare jinin biƙi da shi, ta bari sai bayan arba'in an duba ta, haka nan wadda ta yi ɓari. Wadda aka yi wa aikin yoyon fitsari, ko aka yi mata yankan gishiri ko wata kaciya da ta bar tabo, ta fara ganin likita. Mai ƙaiƙayi ko ƙuraje ko ruwa mai wari ta yi magani tukuna. Wadda kuma aka sa wa robar tazarar haihuwa a mahaifa, lalle ta gaya wa wadda ta sa mata, domin a binciken nan na 2019 an samu mata 13 da robar ta goce musu.

A cikin binciken kuma an samu mata 5 da wani mugun zazzaɓi ya kama, wanda dafin ƙwayoyin cuta ke kawowa. Abu ne da ba safai yake faruwa ba, amma yana kisa, don haka ku riƙe alamunsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai ko zawo, jiri, da jan ƙurji kamar ƙuna a fata. Mace in ta ji haka tana sanye da kofi, ta cire shi nan take, a kai ta babban asibitin Tambuwal ko na Kebbe, ko wanda ya fi kusa, a wannan rana. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, kada a ce shawara ce ko janté. Ta kuma gaya wa likita abin da ta sa, kunya ba ta da wuri a nan.

Wani amfani da kofin ke da shi wanda auduga ba ta da shi, yana nuna wa mace yawan jinin da take zubarwa, domin da yawansu suna da zanen awo a jiki. Yawancinsu suna ɗaukar mililita 20 zuwa 30, watau kamar babban cokali 2. In kin ga abin da kika zubar a wata ya haura mililita 80, ko kofin yana cika duk bayan awa 2 ko 3, ko kwanakin sun wuce 7, ko guda-guda manya suna fita, ki zo a duba ki. Mata da yawa suna fama da kasala da haki da farin ido, ana cewa aiki ne ya yi musu yawa, alhali jini ne ke ƙarewa wata bayan wata. Wannan yana da magani, kuma ba mai tsada ba.

Magidanta, ga naku. Kuɗin kofi ɗaya ya fi na fakitin auduga nesa, shi ke sa mutum ya ja da baya. Amma ka tambayi mai kanti kuɗin fakiti yau, ka ninka shi sau 12, ka ga na shekara, sa'an nan ka gwada da kuɗin kofin. Abin bai yawaita a kasuwannin ƙauye ba tukuna, an fi samunsa a manyan kantunan magani na birni. In za ka saya, ka nemi wanda aka rubuta silikon na asibiti ne, mai sunan kamfani da takardar bayani a ciki. Araha ba ta ado, na jabu yana tauri, yana tsagewa, yana iya ƙona jiki. Girma biyu ne galibi, ƙarami don wadda ba ta haihu ba, babba don wadda ta haihu. Ka bar uwargida ta faɗi nata.

Ku kuma mata, kada ku yanke hukunci a watan farko. Kusan kowa takan sha wuya da fari, ya ƙi buɗewa, ko ya ɗan yi yoyo. Ki haɗa da ƙunzugu a wata na farko da na biyu har hannunki ya faɗa. An lura a wurare da yawa cewa matan da suka dawwama a kansa su ne waɗanda wata mace 'yar'uwarsu ta zauna ta koya musu. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Sakkwato, inda Nana Asma'u 'yar Shehu ta riƙa tura jajis ƙauye-ƙauye suna koya wa mata karatu da tsarki. Wadda ta iya ta koya wa maƙwabciyarta. Ranar awo ko ranar rigakafin yara, in kin zo ɗakin magani, ki ja ungozoma gefe ki tambaye ta, in kina da kofin ki zo da shi a jakarsa ta nuna miki ninkin da hannunta.